Labulen Tsohon Zane Ba Abin Kunya Ba Ne

Duk wanda ya taɓa kwana a Maigatari ran Laraba da dare, wato jajibirin kasuwar Alhamis, ya ga yadda direbobi da fatake suke mai da motocinsu ɗakin kwana. Masu dabara daga cikinsu sukan rataya labule a tagogi, wani na tsohon zane, wani na buhun shinkafa. Mu kuwa 'yan boko, in mun gifta, sai mu taɓe baki, wai ƙauyanci ne. To, jama'a, lokaci ya yi da za mu amsa cewa kuskuren namu ne.

Da farko dai, mu tuna abin da labulen yake karewa. Motar da ta kwana da bafatake yau, ita ce gobe za a ɗauko mai naƙuda a ciki daga wani ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar zuwa asibitin Gumel. Ashe daidai ne a ratsa da ita tsakiyar gari kowa yana leƙe? Iyayenmu da suka kafa zana a tsakar gida, suka saki asabari a ƙofar ɗaki, sun san sutura haƙƙin ɗan Adam ce, ko yana gida ko yana bisa hanya.

Na biyu, mu dubi aljihunmu. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, akasarin yadin da ke kasuwanninmu kuwa daga waje ake shigo da shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ƙaramin ma'aikaci sai ya yi lissafi kafin ya sayi ko da yadi ɗaya. Ina hikimar cin bashi don sabon labule, alhali ga zannuwan da suka koɗe jibge cikin adaka?

Aikin ma ba wuya gare shi ba. A wanke zanen, a auna tagar, a yanka da rarar yatsu huɗu ko'ina. A haɗa shi da farin buhu, buhun yana fuskantar waje don ya mai da zafin rana, zanen yana ciki don ya tare ido. Sai a yi masa ƙubaka irin ta wando, a zura igiya, a ɗaure. Sharaɗi guda ne: in mota tana tafiya, kada a rufe gilashin gaba ko tagogin da direba yake duba madubi ta cikinsu.

Abin dariya shi ne, matasan Turai da suka riƙa keto Sahara ta Agadas zuwa Kano cikin motocin Volkswagen a shekarun 1970, su ma labule suke sakewa su kwana a ciki. Nasu mun kira shi wayewa, na direban garinmu mun kira shi talauci.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, da mu fara da tagogin ɗakunanmu na kwana. Ma'aikacin da ya sami mota kuwa, ya kai tsohon zanen gidansu wurin telan unguwa, tela ya sami na cefane, iyali su sami sutura. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya rufa mana asiri, amin.