Rancen Tinubu: Ina rabon Batsari da Safana?

A jawabinsa na 31 ga Yuli, 2023, wata biyu bayan cire tallafin mai, Shugaba Bola Tinubu ya yi alkawarin bai wa masu ƙananan sana'o'i 1,300 a kowace ƙaramar hukuma naira 50,000 zuwa Maris 2024, da rancen naira biliyan 75 ga 'yan kasuwa 100,000 bisa kuɗin ruwa kashi 9 cikin ɗari. Wa'adin ya daɗe da wucewa. Da lissafin tallafin naira 50,000 ɗin, ƙananan hukumomin Batsari da Safana na jihar Katsina na da mutum 2,600. Su wane ne? A liƙa sunayensu a sakatariya kowa ya gani.

Batun rancen ya fi ciwo. Rajistar CAC, lambar BVN, takardun banki, cike fom ta intanet: waɗannan sharuɗɗa an ɗinka su ne daidai wuyan ɗan bokon birni, irin mai lauya da akanta da ke neman izinin buɗe reshen Chicken Republic ko Mr Bigg's. A ƙauyuka irin su Darini, Wagini da Runka kuwa, mai ciyar da jama'a cikin gaggawa shi ne mai shayin da ke hura wuta tun kafin asuba, da bazawarar da 'yan bindiga suka kashe wa miji, wadda ke auno waken suya bashi da safe, ta soya awara, ta biya da yamma. Jarin da zai tsayar da ita da ƙafarta bai kai kuɗin firjin gidan abinci ɗaya a Abuja ba, amma ba ta da takarda ko ɗaya daga cikin waɗanda ake nema.

Jami'ai za su ce kuɗin jama'a ne, dole a san wanda ya karɓa. Haka ne, sai dai takardu ba su hana bashin manoma na Anchor Borrowers na zamanin tsohon gwamnan Babban Banki Emefiele maƙalewa ba, alhali sarkin kasuwa da mai unguwa sun san mai biyan bashi fiye da kowace kwamfuta.

Ba mu manta da naira 10,000 ta TraderMoni da aka bi kasuwanni ana rabawa dab da zaɓen 2019 ba. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin yankin da sunan tsaro, jarin mutane ya narke, babu wanda ya biya su ko sisi. Waɗannan mutane ne yau ake cewa su shiga intanet su nemi rance, ga kuma kuɗin ruwan da da yawansu ba za su taɓa ba saboda addini.

Gwamna Dikko Radda na Katsina ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta tarayya, SMEDAN, shi ya kafa takwararta ta jihar, KASEDA, don haka ba ya buƙatar a koya masa wannan karatu. Ya matsa wa Bankin Masana'antu, mai kula da rancen, lamba a kai teburin rajista kasuwannin Batsari da Safana, a karɓi shaidar ƙungiyoyin masu sana'a a madadin takardu, a buɗe rancen da babu ruwa a ciki. Kafin komai kuma, a liƙa sunayen mutum 2,600 ɗin nan. In babu su, a fito a faɗa wa jama'a inda kuɗin suka shiga.