A hanyar Isa, kunne ne mai gadi

Jama'a, wannan hedifon mai rufe kunne ruf da samarinmu ke yayi, don Allah a bar shi gida. Wai soso mai laushi, ba ya karyewa, ba ka jin hayaniyar kowa. To rashin jin nan ne matsalar!

Tsakanin Sabon Birni da Isa kunne ke ceton rai: rugugin babura daga daji, harbin farko, ihun "ku gudu". Har mun manta matafiyan da aka ƙona a Gidan Bawa a 2021?

Jiya na ga ɗan kabu-kabu ya ɗauko mace da goyo, kunnuwa a toshe. Na yi ta danna mishi hon, ko waige.

In waƙar dole ce, bar kunne guda buɗe. Allah shi tsare mu.