Dam ɗin Challawa: Kafin a gayyato iyalai yawon kwale-kwale

Duk lokacin Sallah, magidancin Kano da ke son fitar da iyalinsa shan iska zaɓinsa bai wuce uku ba: kallon hawa, gidan zoo, ko manyan kantunan zamani inda yara za su sha sanyin na'ura su dawo. Kaɗan ne ke tuna cewa kimanin kilomita 90 kudu maso yammacin birnin, a ƙasar Ƙaraye, akwai ruwan da mutum zai tsaya bakinsa ya kasa hango ƙarshensa. Abin mamakin ma shi ne, wani ɓangare na ruwan da ake tacewa a turo wa birnin Kano a famfo daga can ake sako shi.

Dam ɗin Challawa ke nan. Kamfanin Julius Berger ne ya gina shi tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangonsa mita 42, tsawonsa ya kusa kilomita takwas, kuma idan ya cika yana riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Ruwan da ya tare ya kwanta ta bayansa har cikin ƙasar Rogo. Yankin yana kan tsohon dutse ne irin na yammacin Kano, shi ya sa idan ruwa ya ja baya da rani ake ganin falalen duwatsu sun fito a gefe-gefe, sun yi santsi saboda daɗewa a ruwa. Wanda ya shiga kwale-kwale da hantsi lokacin kaka, ruwa na kwance, masunta na ɗaga koma, belbelu na bin gaɓa, zai gane dalilin da ya sa ake yawan cewa wurin ya cancanci zama wajen yawon buɗe ido.

Ya cancanta ɗin. Sai dai yadda ake yin maganar ne ke da gyara, domin kusan kullum daga otal ake fara ta.

Kano ta riga ta gwada wannan hanya. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina dam ɗin Tiga, aka yi otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa, aka kuma yi na tafkin Bagauda. Dattawa har yanzu suna ba da labarin yadda ake zuwa hutun ƙarshen mako can. Yau Bagauda ta zama reshen makarantar horar da lauyoyi, Rock Castle kuwa ya shafe shekaru a yashe. Ba kyan wuri ne ya yi ƙaranci ba. Ginin gwamnati ne da ya dogara da kasafin gwamnati, da aka daina kulawa sai ya mutu, kuma mutanen ƙauyukan da ke kewaye ba su da wani kaso a ciki da zai sa su tashi tsaye su kare shi.

A Challawa, abin da ya kamata a fara da shi ya fi otal araha nesa ba kusa ba, amma ya fi shi wuya: kwale-kwalen da uba zai iya saka 'ya'yansa a ciki hankalinsa kwance.

Babu wanda zai yi wannan magana a Kano ya tsallake Bagwai. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya taso daga ƙauyen Badau a kan dam ɗin Watari, ɗauke da mutanen da yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Maulidi. Ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibi yara, kuma lodin da ya wuce ƙima aka ɗora wa alhakin. Gwamnatin jiha ta dakatar da fito a ruwan na wani lokaci. Tun daga ranar, duk uwar da aka ce mata za a kai yaranta yawon ruwa, wannan hoton ne zai fara zuwa mata, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Ruwan dam yana da nasa halin da baƙo bai sani ba. Ƙarƙashinsa tsofaffin gonaki ne da kufai da kututturan itatuwa, ga duwatsun da ke ɓuya idan ruwa ya cika. Dutsen da ya ƙawata hoto a watan Maris shi ne zai iya fasa cikin kwale-kwale a watan Satumba. Iskar farkon damina kan taso ba sallama, ta tayar da igiyar ruwa a fili mai faɗi irin wannan cikin 'yan mintuna. Ga kuma tsargiya, cutar da ake ɗauka a ruwan da ke kwance, wadda yaron birni zai iya kwasowa daga wanka ɗaya a bakin gaɓa, sai bayan makonni a ga jini a fitsarinsa a rasa daga ina.

Wanda ya san duk wannan ba injiniya ba ne, ba kuma jami'in yawon buɗe ido ba. Masunci ne da ɗan fito, waɗanda shekara talatin suna kan ruwan nan suna kama karfasa da tarwaɗa. Su suka san inda dutse yake, su suka san launin sararin sama da ke cewa a koma gaɓa. Don haka duk tsarin da zai kawo jiragen inji daga birni da matuƙa daga birni, ya bar masu filafili suna kallo daga gefe, ya yi kuskure biyu: ya jefa fasinja cikin haɗari, ya kuma hana masu wurin cin moriyarsa. Kada a manta, ruwan nan ƙauyuka ya tasa da gonaki ya cinye kafin ya zama abin sha'awa. Mutanen can ƙasa ma, a fadamun Haɗejia da Nguru, sun biya nasu farashin, domin tun da Tiga da Challawa suka sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kachalla ta toshe musu hanyoyin ruwa da gonaki. Idan har za a samu kuɗin shaƙatawa daga dam ɗin, adalci shi ne ya fara shiga aljihun 'yan Ƙaraye da Rogo.

Abin da ake buƙata ba boyayye ba ne. Mashiga guda ko biyu da kowa ya sani, a rubuta a jikin kowane kwale-kwale adadin mutanen da zai ɗauka, a kuma samu mai tsayawa ya ƙirga. Rigar kariya ga kowa, har da ƙanana daidai jikin yara, domin rigar babba a jikin ɗan shekara biyar ado ce kawai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta daɗe da wajabta rigar da hana tafiyar dare. Aiwatarwa ce ke ciwo. A bakin ruwan ƙauye, maganar Sarkin Ruwa da dagaci ta fi takardar Abuja nauyi.

Nan ne masarauta ta shigo. Dam ɗin na gwamnatin tarayya ne, a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are. Yawon buɗe ido na jiha ne. Hanyoyin ƙauye da kasuwannin bakin ruwa na ƙananan hukumomi ne. Abu mai iyaye da yawa irin wannan shi ne yakan kwana da yunwa. Amma tun daga 2024, Masarautar Ƙaraye ƙananan hukumomi biyu kacal ta ƙunsa, Ƙaraye da Rogo, wato daidai ƙasar da ruwan ya fi shafa. Ba ta da kasafin gina komai, amma tana iya tara sarakunan ruwa, ta sa a yi rajistar 'yan fito, ta kuma ce duk wanda ya yi lodi ya wuce ƙa'ida ba zai sake ɗaukar baƙo ba.

Akwai masu cewa wannan duk maganar 'yan birni ce, mutanen da ke fama da taki da tsadar abinci da fargabar tsaro a kan iyakar Katsina da Kaduna ba yawon ruwa ne a gabansu ba. Suna da gaskiya, kuma ba wanda zai kawo iyalinsa inda ba ya jin aminci. Sai dai kwale-kwalen da za a gyara domin baƙo shi ne dai wanda matan ƙauye ke shiga ranar kasuwa, shi ne ke ɗaukar 'yan biki da 'yan makaranta. Ko baƙo ɗaya bai zo ba, rigunan kariyar ba su yi asara ba.

Lokacin da ya fi dacewa da irin wannan fita shi ne bayan ɗaukewar ruwan sama, daga Oktoba zuwa farkon hunturu, sa'ad da dam ke cike kuma iska ta lafa. Ba a fafe gora ranar tafiya: idan ana son ganin iyalai a bakin ruwan Challawa a kakar baɗi, rajistar 'yan fito da sayen riguna aikin wannan ranin ne.