Ku ƙyale wurin da kanel ya ware wa kyamara



Mutum zai sayi waya an rubuta 4GB a kwali, ya shiga saitin ya ga 3.6 ko ƙasa da haka, sai ya ce an cuce shi. Daga nan wani bidiyo zai ce masa ya buɗe butloda, ya yi filashin ɗin wani kanel da aka rage wa CMA, wai RAM ɗinsa zai dawo. Ni dai ban goyi bayan wannan ba, wallahi asararsa ta fi ribarsa.

Android a kan kanel ɗin Linux yake tafiya, shi kuma yana raba RAM ƙanana-ƙanana, yawanci 4KB kowane yanki. WhatsApp bai damu ba ko an warwatsa masa nasa. Amma a wayoyi da yawa kyamara da sashen bidiyo sai an ba su wuri guda a jere. Hoto ɗaya mai megafiksel 12 yakan ci wajen 18MB kafin a matse shi, wato yanki sama da 4,000. Wayar da ta kwana uku a kunne, ina za ta samo su a jere?

Ku tuna Kara ranar Juma'a. Tirelar shanu ta iso, ka ce wa direba akwai gurbin babur hamsin, ɗaya nan ɗaya can. Me zai yi da su? Fili guda yake nema. To CMA shi ne filin da ake ware wa tirela tun da asuba. Injiniyoyin Samsung ne suka yi aikinsa, ya shiga Linux 3.5 a 2012.

Abin da masu bidiyon nan ba sa faɗa: filin ba zaman banza yake ba. In kyamara ba ta aiki, kanel yana ara wa manhajoji, kamar masu talla da ke baza kaya kafin tirela ta zo, tana zuwa a matsar da su. Ka ga ke nan in ka rage shi, abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Sauran da ka ga ya ɓace kuwa, akwai na kanel ɗin kansa, akwai na modem mai kama sabis. Ba CMA ne ya cinye ba.

Irin waɗannan wayoyin suna zuwa shago: kyamara ta yi baƙi, bidiyo yana yankewa, wata ma ta tsaya a tambari. Wanda bai sani ba sai ya ce kyamara ce ta mutu, a sayo sabuwa daga Farm Centre, a saka, matsala tana nan. Kuɗi sun tafi, hotunan biki ma sun bi su, tunda buɗe butloda yana goge komai.

Mai son gani da idonsa ya buɗe /proc/meminfo ta adb, ya nemi CmaTotal da CmaFree. Gani kawai, ban ce ka taɓa ba.

In waya tana maka nauyi, ka riƙa kashe ta kana kunnawa ko sau ɗaya a sati, ka koma Facebook Lite. Ranar da za ka canza kuma ka karanta kwalin da kyau. In ka ga 4+4, huɗu ne RAM na gaske, ɗaya huɗun aro ne daga ma'ajiyar waya, kuma gudunsa bai kama ƙafar na gaske ba.