Riƙon Amana a Makarantun Katolika

Duk wanda ya san tarihin ilmin zamani a Arewa, Musulmi ne ko Kirista, ba zai yi musu ba cewa makarantun Katolika, tun daga St. Louis wadda sistocin ƙasar Ailan suka kafa a Kano bayan isowarsu a 1948, har zuwa St. John's ta Kaduna da Queen of Apostles ta Kakuri, sun shahara da ladabi da ƙwazo, har manyan ma'aikata Musulmi suka riƙa kai musu 'ya'yansu ba tare da ɗar ba. A ganinmu asalin wannan shahara yana ga irin shugabannin da suka riƙe su.

Fada ko Sista na wancan zamani a cikin makarantar yake kwana, yakan riga ƙararrawar asuba tashi, ya leƙa madafa ya ɗanɗana abin da ke cikin tukunya kafin a raba, ya zaga ɗakunan kwana da fitila a hannu, ya san yaron da zazzaɓi ya kwantar da wanda kewar gida ta hana cin abinci. Kuma da yake ya yi alwashin zama ba aure, ba shi da iyalin da zai tara wa dukiya, sai makarantar ta zame masa gida da zuriya. Amma kada son abin da ya wuce ya rufe mana ido, domin mulki ne na mutum ɗaya, maganarsa yankan wuƙa, bulala a kusa, shawara kuwa sai in ya ga dama. Abin da ya rufa wa wannan tsari asiri shi ne gudun duniyar mai riƙe da shi, da taimakon da ke zuwa daga Turai.

Da aka gama yaƙin basasa, gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan. Jihar Gabas ta Tsakiya ta fara a 1970, sauran suka bi, St. John's ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta koma Queen Amina College. Daga nan shugaban makaranta ya zama ma'aikacin da takardar canjin wurin aiki kan iya ɗauke shi kafin ya haddace sunayen malamansa, wanda in rufin aji ya yi yoyo sai ya rubuta wa ma'aikatar ilmi ya zauna jiran amsa har damina ta wuce. Da abin ya ishi jama'a, Legas ta mayar da wasu makarantu ga masu su a 2001, Anambra kuma a 2011 ta mayar da na firamare fiye da 1,000.

To, yau baƙin fadojin sun tafi, taimakon Turai ya ja baya, ragama tana hannun 'yan ƙasa, da yawansu magidanta masu iyali, makaranta kuwa da kuɗin iyayen yara take tsaye. Wanda ya gaji ikon Fada na dā, alhali bai gaji zuhudunsa ba, kuma ba wanda ke binciken littafin kuɗinsa, an jefa shi cikin fitinar da ba kowa ke tsallake ta ba. Saboda haka muka fi amincewa da shugaban da ke mulki da shawara, mai zama da majalisar malamai da ta iyaye, mai horar da mataimakinsa don kada makaranta ta durƙushe ranar da ya bar ta. Ba kuwa baƙon abu muke nema ba, gama dokokin Cocin da aka sabunta a 1983 sun wajabta wa mai kula da dukiyar Coci ya gabatar wa bishop hisabi kowace shekara, ya kuma yi wa masu ba da sadaka bayanin inda ta shiga, ya biya ma'aikata ladan da zai riƙe su da iyalinsu. Sun kuma ɗora wa shugaban makaranta nauyin tabbatar da cewa karatunta bai gaza na makarantun da ke kewaye da ita ba.

Wurin da muka fi jin tsoro shi ne kuɗin makaranta. Mishan ta shiga ƙauyukan Maguzawa da na kudancin Kaduna ne domin ɗan manomin da ba shi da kowa, kuma idan har aka wayi gari ɗan mai dafa abincin makaranta ba ya iya zama a ajinta saboda tsada, lalle an saɓa wa niyyar waɗanda suka assasa ta, komai kyan sakamakon jarrabawarta.

Muna kira ga bishop-bishop na Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Sakkwato su umarci kowace makaranta da ke ƙarƙashinsu ta karanta hisabinta a gaban taron iyaye sau ɗaya a shekara, ta biya malamanta a kan kari, ta kuma ware gurabe a kowane aji domin 'ya'yan talakawa, a sanar da adadinsu a fili.