Tsadar fetur da baburanmu a Nasarawan Doya

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin mai babur ya rikice. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Faɗuwar darajar naira ta ƙara wa abin gishiri, domin taya da sarƙa da filogi galibi daga waje ake shigo da su.

A birni ana iya cewa a bar babur a hau mota. Mu nan Nasarawan Doya da ƙauyukan Makarfi, Ikara da Kudan ba mu da wannan zaɓi. Babur ne ke kai tumatir da rake bakin titi, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ne kuma ke kai mai bishara ƙauyuka uku a ranar Lahadi ɗaya. Mun ɗanɗana rashinsa a 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawan babur saboda matsalar tsaro, kowa kuwa ya ji a jikinsa.

To, abin da ke damunmu shi ne inda mutane suke rage kashe kuɗi. Fetur dole ne a saya, saboda haka baƙin mai ake wa rowa. Injin Bajaj Boxer bai wuce kimanin lita ɗaya yake sha ba, amma sai ka ga mutum ya yi wata uku bai juye ba, sai dai ya riƙa ƙara kaɗan a kan tsohon. Man da ya tsinke ya yi baƙi ƙirin ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe. Ƙarshenta fistin da zobbansa su lalace, hayaƙi ya fara tashi, makanike ya sauke inji a kan kuɗin da zai sayi baƙin mai na wata da watanni.

Wata dabarar da ta yi yawa ita ce a sa makanike ya matse kafireta don babur ya rage shan mai. Gaskiya zai rage, amma injin da iska ta fi masa mai yawa zafi yake yi fiye da kima. Mai babur na iya duba wannan da kansa: ya kwance filogi idan inji ya huce. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan. In ya yi baƙin toka, mai ya yi yawa, ko kuwa ƙura ta toshe matatar iska, abin da ba ya wuya a hanyoyinmu lokacin hunturu. Wanke wannan matata da duba iskar taya su ma suna rage shan mai, ba su kuma cin kuɗi. Sarƙa ma a ɗan ɗiga mata mai, a bar mata sassauci kamar faɗin yatsu biyu.

Har yanzu dai wannan asarar mai babur ce shi kaɗai. Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce ta fasinja. Ana kashe inji a gangara a bar babur ya sulala, alhali injin na taimaka wa birki riƙe gudu. Ana hawa da tayar da ta suɗe, ga buhu biyu ga mace da goyo. Hular kwano kuwa, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sakawa ranar 1 ga Janairu, 2009, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka, yau da wuya ka gan ta a ƙauye. Wanda ya bugu a ka a nan, sai an kai shi Zariya, in rai ya kai.

Mu ma a ikilisiya da namu laifin. Mukan yi murna mu tara baiko mu saya wa fasto babur, a yi addu'a a miƙa makulli, daga nan kuma babu wanda ke tambaya ko an juye mai. Albashinsa bai isa abinci ba, ina zai samu na taya? Muna ganin ya kamata dattawa su ware kuɗin gyaran babur a kasafin kowane wata, a ajiye ɗan littafi a rubuta ranar da aka juye mai da ranar da aka sauya takalmin birki. Akwai makanikai cikin matasanmu; a ba ɗaya daga cikinsu rabin awa bayan sujada ya nuna wa masu babur yadda ake karanta filogi. A kuma sayi hula biyu, domin matar fasto ma a bayansa take zama.