Raddi ga Mai Cewa Sa wa Tsohon Hoto Kala Ƙarya Ce

Wani malamin tarihi da nake ganin girmansa ya yi rubutu mai zafi a kan masu ɗauko hotunan zamanin ƙunci su sa musu kala da kwamfuta. Hujjojinsa uku ne, kuma da izininsa zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce baƙi da fari ne asali, kala ƙari ce, ƙari a tarihi kuwa ƙarya ne. Allah ya gafarta malam, ai baƙi da farin ne ragi. Mutanen da karayar arziki ta 1929 ta ɗaiɗaita a Amurka ba cikin toka-toka suka rayu ba, fim ɗin kyamara ne ya gaza. Da fim mai kala na Kodachrome ya fito a 1935, ba a jima ba masu ɗaukar hoto na gwamnati suka rungume shi. Wasu daga cikin hotunan da Russell Lee ya ɗauki manoman Pie Town a 1940 masu kala ne tun fil azal, suna nan a ɗakin karatu na majalisar Amurka, kuma talaucin bai ɓuya a cikinsu ba.

Ya ce hoton asali amana ce da hannu bai taɓa ba, har ya kafa hujja da hoton uwar nan mai tagumi da Dorothea Lange ta ɗauka a Nipomo ta Kalifoniya a Maris ɗin 1936. Da ya sani da bai zaɓi wannan ba. A 1939 Lange da kanta ta sa aka goge babban yatsan matar da ke riƙe da sandar tanti, don ya ɓata mata tsarin hoto. Sunan matar ma ba ta tambaya ba. Sai a 1978 duniya ta san ita ce Florence Owens Thompson, 'yar ƙabilar Cherokee, wadda ta koka cewa ko sisin kwabo hoton bai kawo mata ba. Shekara arba'in ana kallon fuskarta babu suna, kuma ba mai sa kala ne ya yi mata wannan ba.

Hujja ta uku ce mai nauyi: kala tana yi wa wahala kwalliya. Nan na ba malam rabin gaskiya. A 2021 mujallar Vice ta janye hotunan fursunonin Tuol Sleng na Kambodiya bayan an gano wanda ya sa musu kala ya liƙa wa wasunsu murmushi. Abin ya yi muni, amma laifin na murmushin ne. Na kuma yarda na'ura cinke take yi, ba ta san launin rigar kowa ba.

Sai dai wannan cinken ne ya buɗe bakin kakata. Muna da hoton kakanmu guda ɗaya na lokacin farin 1973 a ƙasar Maraɗi. Shekaru yana rataye a ɗakinta, ko an tambaye ta sai ta ce, "An dai sha wuya," ta ja bakinta. Ran nan ƙanena ya sa shi a manhaja, rigar ta fito shuɗiya fes. Ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da ido, ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya ba shi wannan? Shuɗiyar ai mun sayar tun kafin a yanka saniyar ƙarshe. Wannan fara ce, rashin sabulu ya mai da ita haka, da ruwan toka nake wanke ta."

Daga nan fa sai labari ya ɓarke har bayan isha'i: layin jar dawar agaji, tuwonta mai gautsi da yara ke ci suna kuka, maƙwabtan da suka nufi Kano ba su dawo ba, da sunayensu ɗaya-ɗaya. Mahaifina da aka haifa a gidan bai taɓa jin rabinsa ba. Tsohon hoton yana nan a bango, ba wanda ya taɓa shi. Ita dai ta sa ƙanena ya yi ta gyara rigar, tana cewa a ƙara duhu, a ƙara, har sai da ta koma launin ƙasa, sannan ta miƙa masa wayarsa.